Ɗaukar hoton cikin duwatsu masu daraja: akwai mai samo zane daga nan?

Hauwa_Zayyana
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga masu ɗaukar hoto da masu harkar dutse da ke cikinmu. Sana'ata zanen yadi da katin biki, kuma abin da ke damuna shi ne duk mun koma wuri ɗaya muke ɗebo zane. Ka buɗe Pinterest, ka buɗe Instagram, fure iri ɗaya, ganye iri ɗaya, sai dai a sauya launi. Alhali ga duwatsu nan ana haƙowa a Filato da Nasarawa da Kudancin Kaduna da Mambila, ba mu taɓa leƙa cikinsu ba. Na ga hotunan da wasu ke ɗauka na cikin dutse, an kusanto da shi ƙwarai, sai ka ga layuka da kusurwoyi da haɗin launin da bai taɓa zo maka a rai ba. Shin ana iya wannan da waya, ko dole sai da kayan miliyoyi? Sannan akwai wanda ya taɓa ɗauko zane daga irin wannan hoto ya kai shi kan yadi ko hula ko bango, ya zauna daidai?

Alhaji_MaiTomalin
Wa alaikumus salam Hajiya. Na daɗe ina saye da sayar da dutse a Jos, to bari in gaya miki gaskiya tun farko. Abin da kuke kira kyau, mu a wajenmu aibi ne. Dutse in ba kilin ba ne, wato tas babu komai a cikinsa, kuɗinsa ya faɗi. Mai saye daga Bankok zai haska tocila, da ya hango gashi ko tsaga ko hazo a ciki sai ya ture maka abinka gefe. Mu kala muke nema, da tsabta, da nauyi. Layukan nan da kike yabo su ne ke sa mu asara.

Hauwa_Zayyana
Alhaji, ai ka ba ni labari mai daɗi. Kenan wanda nake nema shi ne mai araha.

Alhaji_MaiTomalin
Haka ne. Wanda aka zaɓe aka bari, a roba muke tara shi, ana sayar da shi a kilo. Mai kyan kuwa a giram ake maganarsa, in an yanke a koma karat, karat biyar giram ɗaya.

Sani_Makro
Anti Hauwa, ana yi da waya, amma sai kin san iyakarta. Abu mafi sauƙi, ki samu gilashin nan na masu dutse mai ƙara girma sau goma, ki manna shi a idon kyamarar wayar. Ko ƙaramin gilashin makro, na ɗaukar abu kusa-kusa, da ake maƙalawa a waya, masu kayan waya suna da shi. Kada ki yi zum da yatsa, hoton kawai yake farfasawa.

Matsalar farko rawar hannu ce. Idan kin kusanto sosai, numfashinki ma sai ya girgiza hoton. Ki jera littattafai ki ɗora wayar a kai, dutsen yana ƙasa, ki sa taima na daƙiƙa uku ki ɗauke hannu. Dutsen za ki riƙa matsarwa, ba wayar ba. Ni ɗan ƙullin yumɓu nake kafa shi a kai don ya tsaya a kusurwar da nake so.

Ta biyu haske. Filashin waya ki kashe shi gaba ɗaya, ƙyalli kawai zai ba ki. Ki yanke gindin farin kofin roba ki kifa shi a kan dutsen, ki haska tocila ta jikin kofin daga waje, hasken zai yi laushi ya zagaye dutsen. Idan kuma cikinsa kike son gani, ki shimfiɗa baƙin ƙyalle, ki kashe wutar ɗaki, ki haska ta gefe ƙasa-ƙasa. Bayan zai yi baƙi ƙirin, duk abin da ke cikin dutsen ya kama haske shi kaɗai. Wannan dabarar ita masu binciken dutse ke amfani da ita a madubinsu na ƙara girma.

Sai ƙura. Lokacin hunturu kina gogewa tana sauka. Ƙwayar ƙura ɗaya a hoton makro sai ta fito ƙatuwa, ta ɓata miki wurin da kika fi so. Ki wanke dutsen da ruwa da ɗan sabulu, ki riƙe shi da hantsaki, kada yatsa ya taɓa.

Ummi_Lalle
Yaya Sani na gwada irin haka da zoben mamana, sai wuri ɗaya ɗan mitsitsi ya fito, saura duk dishi-dishi. Wayar ce ba ta da kyau?

Sani_Makro
Ba laifin wayar ba ne ƙanwata. Haka gilashi yake, duk yadda kika ƙara kusanta, kaurin wurin da ke fitowa tar yana raguwa, har ya koma ƙasa da milimita ɗaya. Hotunan nan da kuke gani komai ya fito daga sama har ƙasa, ba ɗauka ɗaya ba ce. Ana ɗaukar hotuna da yawa, talatin, hamsin, har ɗari, kowanne an ɗan matsa fokas kaɗan, sai manhaja ta tsinci wurin da ya fito a kowane hoto ta haɗe su. Helicon Focus da Zerene Stacker su ne sanannu, Photoshop ma yana yi. Amma ke mai lalle ba sai kin kai nan ba. Ki nemi fuskar dutsen da take a shafe, ki daidaita ta da wayar, za ki samu abin da ya ishe ki.

Malam_Jiyoloji
Madalla da wannan zance. Ina koyar da ilimin duwatsu, kuma ina so in ɗan tsaya a kan maganar Alhaji cewa abin da ke cikin dutse aibi ne. A kasuwa haka ne. A ilmance kuwa shi ne takardar haihuwar dutsen. Wani masani ɗan Suwizalan, Eduard Gübelin, ya ƙarar da rayuwarsa yana nuna cewa daga abin da ya maƙale a cikin dutse ana iya gane ƙasar da aka haƙo shi, da ko na Allah ne ko na masana'anta. Shi da John Koivula na Amurka suka fitar da babban kundin hotunan irin wannan a 1986. Koivula ɗin nan ya zo na ɗaya a gasar hotunan madubin ƙara girma, Nikon Small World, ta 1984, kuma da hoton me? Da hoton cikin dutsen agat na Brazil, wanda ba ya cikin masu tsada.

Hajiya, ga abin da za ki nema a namu na gida. Tomalin na wajen Keffi ko na jihar Oyo, in kin dube shi ta tsaye za ki ga siraran bututu sun bi tsawonsa, in kuma an yanka shi a kwance siffarsa kusurwa uku ce mai kumburarren gefe. Wani ciki ja-ja ne, bakin kore, shi ake kira mai kankana. Akwamarin yana da siraran layuka a jere duk sun fuskanci gefe ɗaya. Safaya kuwa ki juya ta a hankali a gaban haske, za ki ga shuɗin ba ɗaya ba ne, hawa-hawa yake, mai duhu da mai haske, suna karyewa a kusurwar digiri 120, domin ginin ƙwayarta mai gefe shida ne. Kowane layi alamar wani lokaci ne da dutsen yake girma, sinadarin da ke kewaye da shi ya ɗan canza.

Wanda ya fi burge ɗalibaina shi ne kumfa. A cikin tofas na filayen kuza na Jos, ko farin kwats, dutsen nan mai kama da gilashi, akan samu ɗan rami mai ruwa da ƙwayar iska a ciki. Wani in ka karkata dutsen sai kumfar ta motsa. Duwatsun giranait na Jos sun haura shekara miliyan 150, jijiyoyin da ake samun tomalin a cikinsu kuwa sun kai wajen miliyan 500. Ruwan nan tun lokacin yake a rufe.

Abu_Sumayya
Subhanallah. Malam, maganarka ta tuna mini aya ta 27 a Suratu Faɗir, inda Allah ya ambaci hanyoyin da ke jikin duwatsu, farare da jajaye masu launi daban-daban, da baƙaƙe ƙirin. Kuma wani abin da zai kwantar wa da yawa hankali, wannan ba hoton mai rai ba ne, babu saɓanin malamai a kansa. Mai son ƙawata ɗakinsa ko makarantarsa ya samu mafita.

Gaskiya_Ɗaya
Ni fa ban yarda da yawancin hotunan nan ba. Ku yi haƙuri. An haɗa hoto hamsin, an ƙara launi a kwamfuta, an haska da fitila kala-kala, sannan a ce mana ga yadda dutse yake. Idona bai taɓa ganin haka ba, na kuma riƙe dutsen a hannuna. Wannan ai zanen kwamfuta ne aka laƙaba wa sunan dutse.

Sani_Makro
Ɗan'uwa, raba su biyu. Haɗa hotuna ba ya ƙara komai da babu shi a dutsen, gazawar gilashi yake gyarawa. Idonka ma haka yake yi, yana yawo daga kusa zuwa nesa, ƙwaƙwalwa tana haɗawa. Ƙara launi kuwa maganarka tana kan hanya, wasu suna wuce gona da iri.

Gaskiya_Ɗaya
To wa zai gaya mini inda gyara ya tsaya, ƙari ya fara? Mai hoton ne kaɗai ya sani.

Alhaji_MaiTomalin
A nan ina bayan Gaskiya_Ɗaya ɗari bisa ɗari, domin abin ya taɓa cin kuɗina. Wani ya turo mini hoton tomalin ta WhatsApp, shuɗi mai walƙiya, irin wanda ake kira Paraiba. Ku sani irin wannan mai tagulla a jikinsa an fara samunsa a Brazil, daga baya aka same shi a Najeriya wajen 2001, sannan Mozambik, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Na tura kafin alƙalami. Da kaya suka iso sai na ga kore ne mai duhu, na yau da kullum. Ya jiƙa shi da mai, ya haska farar tocila ta baya, wayar ta ƙarasa sauran. Tun daga nan ba na sayen dutse a hoto, sai na gan shi da rana, a inuwa, a kan farar takarda.

Hauwa_Zayyana
Allah ya mayar da alheri Alhaji. Amma ina ganin niyya ce ta bambanta. Wanda ya yi maka haka ciniki yake da hoton, ya yi ha'inci. Ni ba dutsen zan sayar ba, tsarin layukan nake so da yadda launi ke shiga launi. Ko na ƙara masa ja ban cuci kowa ba, tunda a ƙarshe ma yadi zai zama.

Gaskiya_Ɗaya
In dai za ki rubuta a ƙasa cewa kin taɓa launin, ba ni da ja. Abin da nake ƙi shi ne a saka hoto a ce “safayar Mambila” alhali an rina ta a kwamfuta. Gobe yaro ya haƙo tasa ya ga ba ta kai haka ba, dillali ya taya masa a wulaƙance ya sallama.

Malam_Jiyoloji
Game da man da Alhaji ya ambata, akwai amfaninsa na halal. Dutsen da ba a goge ba fatarsa tana watsa haske, ba ka ganin ciki. In ka nutsa shi a ruwa a ƙaramin kofin gilashi, ko a gilisarin na kemis, sai fatar ta kusan ɓacewa, cikin ya bayyana. Dalili shi ne yadda gilisarin ke karya haske, wajen 1.47, ya kusa da na kwats, 1.54. Ruwa 1.33 ne, yana taimakawa amma bai kai ba. Sai dai a kula: kada a sa wa ofal na Habasha mai, irin na yankin Wollo da aka gano a 2008, domin yana shan ruwa da mai, launinsa ya dushe. Haka zumurrudu, mai yana shiga tsagarsa ya ɓoye ta, in dutsen na wani ne ka canza masa kaya ba da saninsa ba.

MaiZanenHula
Ku bar ni in dawo da mu kan tambayar Hajiya ta biyu, don ita ta shafe ni. Ni nake zana hula a kan farin yadi kafin a kai wa masu ɗinki. Na taɓa gwada ɗauko zanen safaya mai gefe shidan nan da Malam ya faɗa, wani abokina ya nuna mini a wayarsa. Siffar ta zauna, har ta yi kyau a saman hula, domin saman da'ira ne, gefe shida yana cika shi daidai. Inda aka sha wuya shi ne launi. A dutse shuɗin yana narkewa ne daga duhu zuwa haske ba ka ganin inda ya sauya. Zare ba ya haka. Sai da na nemi shuɗi hawa huɗu, kuma mai ɗinkin ta ce aikin ya fi na kullum cin ido, ta ƙara kuɗi, kuma da gaskiyarta. Wanda ya saya ya ji daɗinta ƙwarai. Amma masu sari ba su karɓa ba, sun ce mutane sun saba da zanen da suka sani, in ba su ga irin na Bama ko zanna ba sai su ce ba hula ba ce.

Abin da na fahimta, ba a kwafe hoton yadda yake. Abu ɗaya za ka ɗauka, ko kusurwar ko jerin launin, ka saka shi cikin tsarin da hannun masu ɗinki ya saba da shi.

Ɗan_Karofi
Mu wajen rini abin ya fi mana sauƙi fiye da masu zare. Hawa-hawan shuɗin nan shi ne aikinmu kullum. Ka tsoma yadi a baba ka fitar ya sha iska, ka sake tsomawa, kowane tsomi yana ƙara duhu. In kana janye yadin kaɗan-kaɗan kana rage wurin da ke shiga, za ka samu daga fari-fari har shuɗi mai duhu a ƙyalle ɗaya. Hajiya ki turo hoton agat mai zobe-zobe in gani. Ɗaurin da mata ke yi mana da zare yana ba da da'ira cikin da'ira, sai dai namu a jere suke daidai wa daida, na dutse kuwa na ga wani ya matse wani ya buɗe. Wannan rashin daidaiton nake so in gwada.

Hauwa_Zayyana
Zan turo in sha Allah, Baba. Ka duba malakayit na Kwango ma, kore ne mai zobe-zobe, wani cikin wani. Da ana samun koren da zai kama yadi kamar yadda baba ke kamawa, da an ga abu.

Tanko_Agadas
Salamu alaikum mutanen Najeriya, ku ba mu wuri mu ma. Nan Agadas maƙeran azurfa sun daɗe suna aiki da jan dutse, kuma tsohin matanmu suna da abin wuya mai kusurwa uku da rami a sama, wanda Buzaye ke sawa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, da yawansu ba nan anka yi su ba. Wasu daga Kambay ta Indiya sunka zo, wasu daga wani gari na Jamus, Idar-Oberstein, inda daga ƙarni na 19 sunka riƙa sayo agat daga Brazil su gyara launinsa su yanka don kasuwar Afirka. Daga baya Turawan Bohemiya sunka yi na gilashi mai araha. To wanga hoto na kusa da kuke magana shi ka raba gardama. Na ɗora gilashi bisa na kakata, na ga layuka sirara suna bin juna, ramin kuma ya side ya yi santsi inda zare ya daɗe yana ci. Na gilashi in ka duba, ƙananan kumfa za ka gani zagayayyu, wani har da layin da ƙwaryar zubi ta bari a gefe. Kowa ya duba tsakiyar da ke cikin adakar uwarsa kafin ya tai neman dutse wani wuri.

Ummi_Lalle
Kai, wannan shawara ta yi. Kakarmu tana da jigida da tsakiya tsofaffi. Yau zan je in roƙe ta.

Malam_Jiyoloji
Malam Tanko ya kawo muhimmin abu, sai dai in ƙara gyara kaɗan don kada a rikice da kumfar da na ambata a baya. Kumfa a dutsen Allah tana zaune ne cikin ruwa, a ɗan rami mai kusurwa ko mai siffa marar tsari. Kumfar gilashi ita kaɗai take tsaye a cikin jikin gilashin, zagayayya ko doguwa. Da an saba gani ba a haɗa su.

Bash_Grafiks
Akwai wata dabara da ban ga an ambata ba, kuma ko sisi ba ta ci. Hasken fuskar laftof irin ta LCD a tace yake, gefe ɗaya yake kaɗawa. Ka buɗe farin shafi, ka riƙe abu mai shara-shara a gabansa, ka sa tabarau na rana irin folarayiz, mai tace haske, a gaban kyamarar waya, ka juya shi har fuskar ta yi baƙi. Abin da ke tsakani sai ya kama da launuka, ja, ruwan ɗorawa, shuɗi, shunayya. Ku narka gishiri ko sukari a ruwa ku ɗiga a kan gilashi ya bushe ku gwada. Ni daga nan nake samo bangon fosta.

Malam_Jiyoloji
Dabarar daidai ce Bash, ita muke yi a ɗakin gwaji, sai dai mu dutse ake goge mana har kaurinsa ya koma milimita 0.03 haske ya ratsa. Amma cire gishiri daga lissafin. Ƙwayar gishiri ginin ɗan lido gare ta, kowane gefe ɗaya, ba ta raba haske biyu, don haka baƙi za ta yi. Alif ma haka, dutsen ganet ma haka. Sukari zai ba ka launi. Garin bitamin C da aka narka ya bushe ya fi shi. Sannan maika, dutsen nan mai ƙyalli da ake ɓarewa falle-falle, wanda ke zube a duk inda ake haƙar tomalin ba mai kula shi, ka ɓare shi siriri ka gani. Inda kauri ya canza, launi ya canza.

Bash_Grafiks
Na gode Malam. Maikar ce ban taɓa gwadawa ba. Alhaji ko za a samu a wajenku?

Alhaji_MaiTomalin
Wannan ai ba a sayar da ita a ɗan ƙanƙani, yara ma wasa suke da ita a bakin rami. In wani zai zo Jos ya ɗebar muku.

Ummi_Lalle
Ni kuma dutsen kwalli nake so in ɗauka. Na ga na wata mai koli, in an fasa shi yana yin hawa-hawa kamar matakalar bene, ga sheƙi. Zai yi kyau a zanen lalle na yatsu.

Maman_Ilham
Ummi tsaya, don Allah. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma wannan dutsen mai sheƙi da ke fashewa murabba'i-murabba'i, galibinsa dalma ce. Ki ɗauki hotonsa in kina so, amma kada ki fasa shi ko ki niƙa a cikin gida, kada yara su taɓa, ki wanke hannu da sabulu bayan kin gama, kuma kada ki ɗora shi inda ake cin abinci. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, ana kawo dutsen zinariya gida ana daka shi, ashe cike yake da dalma. Yara sama da 400 suka rasu, waɗanda suka rayu da yawa ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Ƙura ce kawai ta yi wannan, wadda ido ba ya ɗauka a bakin komai. Malakayit ɗin da Hauwa ta ambata ma ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu. Duk wanda zai goge dutse ya yi da ruwa, a waje.

Abu_Sumayya
Allah ya jiƙan yaran nan. Hajiya, to kwallin da muke sawa fa? Ai sunna ne.

Maman_Ilham
Malam, wanda ya zo a hadisi ismid ne. Abin da ke kasuwa da sunan kwalli kuwa an sha gwada shi a ƙasashe daban-daban ana samun dalma mai yawa a ciki. Ni dai abin da nake roƙon iyaye a asibiti, kada a sa wa jarirai. Amma wannan zance ne mai tsawo, a buɗe masa nasa wurin kada mu ƙwace wa Hauwa nata.

Ɗan_Gembu
Ina karanta ku tun ɗazu. Ni daga Mambila nake, 'yan'uwana suna cikin masu shiga rami neman bulo, wato shuɗin safaya. Ba na hana kowa ɗaukar hoto, amma abu biyu. In kun je wurin haƙa kada ku saka hoto da sunan ƙauyen ko alamar taswira, yau ka saka gobe baƙi sun cika wurin, har da waɗanda ba alheri ya kawo su ba. Na biyu, in zane ya fito daga dutsen mutum har ya zama kuɗi, a tuna da shi. Wanda ya yini cikin laka ya wanko tsakuwar nan, sau da yawa ko sunan dutsen a kasuwar duniya bai sani ba.

Sani_Makro
Wannan gaskiya ne. Kuma akwai hanyar da hoton zai amfane su kai tsaye. A safaya akan samu siraran allurai masu sheƙi da suka gitta juna. In an gasa dutsen a wuta mai tsanani don gyara launi, kamar yadda ake yi a Tailan, alluran nan sukan narke su koma ɗigo-ɗigo. Wanda nasa suke cikakku, alama ce ba a gasa ba, kuma wanda ba a gasa ba ya fi daraja. Ka ga a nan abin da ke ciki ya ƙara kuɗi, bai rage ba.

Alhaji_MaiTomalin
A dutse mai kyan kala ne haka Sani, kuma sai da takardar ɗakin gwaji mai saye zai yarda, ba hoton waya ba. Kada a sa wa yaran rami dogon buri. Tara cikin goma na abin da ke fitowa, gashi gashi ne, kuɗinsa kaɗan.

Hauwa_Zayyana
Ɗan_Gembu na ji, kuma na ɗauka. In na sayi tarkacen zan saya a hannun masu haƙa in da hali, ba zan kuma saka wuri ba. MaiZanenHula, maganarka ta ɗaukar abu ɗaya ita nake ta juyawa. Amma ni a yadi ina ganin zan iya saka hoton gaba ɗayansa, tunda injin buga yadi na dijital ba ruwansa da hawan launi, duk yana fitarwa. Mayafi guda, tomalin mai kankana tun daga wannan baki har wancan.

MaiZanenHula
Inji zai fitar, Hajiya, amma mace za ta yafa? Abin da ya yi kyau a fuskar waya daban, abin da ya yi kyau a kafaɗar mutum daban. Ja da kore manya-manya haka, sai an rage musu ƙarfi ko an maimaita su ƙanana. Ki buga ɗan gwaji tukuna ki ba wata ta yafa ki tsaya daga nesa.

Bash_Grafiks
Kuma hoton waya ba zai kai girman mayafi ba tare da ya farfashe ba. Ko dai ki sake zana shi da hannu a kwamfuta ki bi layukan, ko Yaya Sani ya ɗauka miki da babbar kyamara. Sani, gilashin makro na gaske dole ne, ko juya gilashin kyamara baibai da ake yi yana isa?

Sani_Makro
Yana isa sosai. Tsohon gilashi mai milimita 50 ko 28, da zoben juyawa, ka ɗaura shi ta baya. Na 28 ya fi kusantowa. Ka nemi irin na da mai zoben buɗe ido a jikinsa, domin da ka juya shi kyamara ta daina sarrafa shi. Anti Hauwa, in duwatsun sun iso ki ware mini masu shafaffiyar fuska da waɗanda haske ke ratsawa, baƙaƙen ki bar su gefe, ba abin da za mu gani a cikinsu.

Ɗan_Karofi
Kada ku zubar da baƙaƙen. In akwai mai zobe ko mai jijiya a bayansa ku ajiye mini, ni bayan nake so ba cikin ba.